Golf Ɗin Nan Ta Koma Kabo

Gwarzo,
Jihar Kano.

Aminina,

Yaya aiki, yaya uwargida da yara, yaya kuma jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Ka ce masa ɗansa na Gwarzo yana gaishe shi, kuma zumar da na yi masa alkawari tana nan a ajiye, mai zuwa kawai nake jira. Ya sanyin Kaduna? Mu nan hunturu ya sauka sosai, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala, hazo kuma ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinmu. An gama girbi, ana ta sussuka, kowane gida ka shiga ƙaiƙayi ne ke tarbarka tun daga zaure. Alhamdu lillahi, damina ta yi mana kyau gwargwado.

To, abin da ya sa na zauna na ɗauki biro, maimakon in kira ka mu yi minti biyar kati ya ƙare, shi ne labarin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Golf ɗin nan ta tafi, aminina. Na sayar da ita, na kuma sayi wata. Da yake ranar da muka yi magana ka ce kai ma kana tunanin rabuwa da taka, sai na ga gara in shimfiɗa maka yadda abin ya gudana tun daga fari, ko ka tsinci wani abu a ciki.

Ka tuna ranar da aka kawo ta, a 2014, 'yar Kwatano ce fes, ƙurar hanya duk ta rufe ta, muka tsaya ni da kai a ƙofar gida muna zagaya ta, yara suna leƙa gilashi? Kai ne ma ka fara zama a gaba, muka je har Getso muka dawo ba don komai ba sai don mu ji ƙarar injinta. Ranar da aka maƙala mata lamba mai GRZ kuwa, sai da Inna ta sa aka yi sadakar ƙosai. A cikinta aka kai uwargida asibitin Gwarzo cikin dare lokacin haihuwar autanmu, a cikinta muka raka ƙanwarka ɗakin mijinta, kuma buhunan masarar da ta kwaso mini daga gonar Kutama, in za a lissafa, Allah kaɗai ya san adadinsu. Shi ya sa har yanzu in na fito da safe idona yakan fara sauka a inda take kwana.

Amma komai yana da lokacinsa. Shekaru sun kama ta. Irinta an daina ƙera su tun kafin shekarar 2000, ga kuma hanyoyin gona da na yi ta bi da ita rani da damina. Wata ba ya ƙarewa sai na aika Ƙofar Ruwa a nemo mini wani abu, yau shokozoba, gobe fanbel, jibi wani ƙarfen da ban ma san sunansa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, sai ya zama albashin malamin makaranta ba zai ɗauki kuɗin mai da kuɗin gyara a lokaci guda ba. Ga shi kuma uwargida tana son ta koyi tuƙi don kai yara makaranta, ita kuwa ta ce kulochi ya fi ƙarfinta, otomatik take so.

Na fara shiga Kano wajen masu sayar da motoci, wani ya ce in kawo tawa a yi musaya, in cika kuɗi in ɗauki wata. Ba zan ga laifinsa ba, shi ma yana biyan hayar fili da yaran da ke wanke motoci, kuma sai ya ci riba kafin ya ci abinci. Amma kuɗin da ya yi wa Golf ɗin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da na san direbobin hanyarmu za su biya, domin ka san yadda suke son ta, tana ɗaukar kaya, ba ta da shan mai, kuma babu garin da za ka tsaya daga Kabuga har Dayi ka rasa bakaniken da ya san cikinta. To sai na yi masa godiya na dawo gida, na ce da kaina zan sayar.

Na sa aka wanke ta, na ajiye ta a gindin darbejiyar bakin titi, na ɗora mata jarka a kan rufi, alamar da kowa ya sani. Babban ɗana kuma ya ɗauki hotunanta ya sa a WhatsApp. Lokacin ma ya taimaka, domin kaka ce, manomi ya sayar da masara da waken suya, aljihu da ɗan nauyi. In da a tsakiyar damina ne, lokacin da kowa ke neman kuɗin taki, da sai jarkar nan ta ƙoƙe a rana kafin a taya. Ka riƙe wannan, ko da yake ku a birni ƙarshen wata ne kakarku.

Mutane sun zo iri-iri. Akwai mai zuwa ya daki taya da ƙafa, ya buɗe bonet ya leƙa, ya yi tayin da ko babur ba zai saya ba, in ce albarka, mu yi musabaha ya wuce. Akwai dillalai, su kuwa ko ba ka kira su ba ƙafarsu za ta kawo su. Ban kore su ba, sana'arsu ce, kuma la'ada halal ce ga wanda ya yi wahala. Abin da na yi kawai shi ne na gaya wa kowannensu tun da wuri cewa wanda ya kawo mai saye har ciniki ya faɗa, ga abin da zan ba shi, kuma kada ya ɗora ko kwabo a kan kuɗin da na faɗa ba da sanina ba. Yawancin rigimar da ake kaiwa gaban mai unguwa a kan cinikin mota, daga rashin wannan maganar ta farko take tasowa.

Yanzu ga inda nake son ka ba ni kunnenka da kyau. Wani mai ƙaunata, kuma na tabbata da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya ba ni shawara in zuba mata baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ragu, in sa a wanke injin tas don kada a ga inda yake tsatsafa, in kuma riƙa tayar da ita tun kafin mai saye ya iso. Ya ce kowa haka yake yi. Na kwana ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Gwarzo ba Legas ba ce. Wanda zai sayi motar nan, in ba mu haɗu a masallacin Juma'a ba za mu haɗu a kasuwar Getso, in ba a can ba za mu haɗu wajen jana'iza ko ɗaurin aure. Ballantana ma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin hajarsa, kuma wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayarwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da ke da taya huɗu tana yawo a titi.

Da gari ya waye sai na kai ta wajen bakanikena, na ce ya faɗa mini duk abin da ke damunta kamar shi zai saya. Ya lissafa, ni kuma na rubuta a takarda. Lagireto yana ɗan ɗiga, in ta daɗe a cunkoso takan yi zafi. Injin ya fara shan baƙin mai, sai an riƙa ƙari tsakanin juye da juye. Ƙofar baya ta hagu kuma an taɓa buga ta aka yi mata fenti, tun lokacin da saniya ta banke ta a hanyar Getso. Na ninke takardar na sa a aljihu.

A rana ta tara da ɗora jarkar sai ga wani saurayi daga ƙasar Kabo, ta wajen Garo, tare da kawunsa, dattijo mai farin gemu wanda da gani ka san ya daɗe a harkar tuƙi. Yaron ya yi shekaru yana tuƙa motar wani yana kai balas kullum, ya tara abin da ya tara, mahaifinsa ya sayar da amfanin gona da bijimi ɗaya ya cika masa. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, kafin su taɓa motar na zaro takardar na miƙa wa dattijon. Ya ba yaron ya karanta masa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya dube ni ya ce, «Malam, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ba mu so shi ne a ce mana ƙwarya ce.»

Suka duba abin da za su duba, na shiga na zauna a gefe yaron ya ja mu muka ɗan taɓa hanyar Dayi muka juyo. Ka lura, kada ka taɓa miƙa wa baƙo mukulli ya tafi gwaji shi kaɗai, komai kyawun rigarsa, kuma in da hali ka ɗauki mutum na uku. Da muka dawo aka zauna a kan tabarma aka shiga tayi. Suka taya, na ce albarka, suka ƙara, na rage. Na sauke musu kuɗin lagireto da kaina tun ba su roƙa ba. Da muka kai inda zuciyata ta kwanta na ce na sallama, dattijon ya kama hannuna ya ce Allah ya sa albarka, aka shafa fatiha. Wataƙila da na bi waccan shawarar da na sami ƙarin wani abu, amma a daren nan na yi barcin da ya fi ƙarin daɗi.

Maganar kuɗi kuwa, ka yi hattara. Yanzu ba a yawo da kuɗi a buhu, turawa ake yi ta waya, to kuma akwai masu aiko da saƙon shigar kuɗi na bogi. Kada saƙo ya ishe ka, ka shiga asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna kafin mukulli ya bar hannunka. Mu sai da muka kwana biyu, saboda abin da asusun yaron ke iya turawa a yini yana da iyaka, motar kuma ta kwana a gidana har aka cika. Ba wanda ya ji haushi, domin tun a kan tabarma muka yi wannan sharaɗin.

Sannan muka rubuta. Na san wasu na ganin rubutu tsakanin mutanen da suka yarda da juna kamar rashin yarda ne, amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, to ina ga mu? Muka sa sunayenmu, da lambar mota, da lambar inji, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, da kuɗin da aka biya, da rana har da sa'ar da na miƙa mukulli, da aibobin nan uku. Shaidu biyu daga wajena, biyu daga wajensu, mai unguwa ya sa hannu. Na ba yaron takardar kwastan, da ta mallaka, da lasisi, da inshora, da ta lafiyar mota, ni kuma na riƙe kwafin kowace. Abin da na fi matsa masa a kai shi ne canjin mallaka, har na raka shi da ƙafata aka fara. Dalili kuwa, muddin lambar tana kan sunanka, duk abin da ya faru da motar a hanya, ko hatsari ko wani abin da ba a fata, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa. Mutane da yawa sun sha zirga-zirgar ofishin 'yan sanda a kan motar da suka rabu da ita shekara da shekaru.

Da yaron ya tayar da ita zai tafi, autanmu ya tsaya a bakin zaure yana kallo har ta sha kwana. Ni ma ban shiga gida da wuri ba.

To daga nan aka shiga kwanakin da suka fi ba ni wuya, kwana 12 ba mota, kuɗi kuma na zaune a asusu. Ka san halin gida, labari ba ya kwana. Wannan ya zo da maganar asibiti, wancan da kuɗin makaranta, kuma kowanne buƙatarsa ta gaskiya ce, ba yadda za ka rufe ido gaba ɗaya. Na taimaka da abin da ya sawwaƙa, amma na ga in na ƙara mako biyu, kuɗin mota za su koma kuɗin babur. Ga farashi kuma ba ya jiran kowa. Shi ya sa shawarata gare ka ita ce ka fara nemo wadda za ka saya, ku yi magana da mai ita, in ya yarda ka ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, sannan ka saki taka. Kada tsakanin cinikin biyu ya yi nisa.

A kwanakin nan na koma motar haya, in hau a tasha in sauka a Kabuga, kusan kilomita 70, mu huɗu a baya biyu a gaba, ta Rimin Gado da Janguza, ina kallon gonakin da aka girbe da tarin karan dawa a bakin hanya. Na ji daɗin hirar fasinjoji, rabona da ita an daɗe. Amma da na shiga zagayen neman mota, sai jikina ya yi sanyi. Tun watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da Golf ɗina ta biyo, sai ta tashar jiragen ruwa. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da hukuma ke bayarwa a wajen naira 460 ta zarce 1,500 a 2024, kuɗin kwastan kuma da dala ake auna shi. Don haka 'yar Beljiyam ta fi ƙarfin irinmu, sai dai 'yar gida, wadda wani ya hau ya gaji. Na tuna Peugeot 504 ɗin Baba, Fijon nan fara da aka harhaɗa nan kusa da ku a Kakuri, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, lokacin da ma'aikaci ke karɓar bashin mota ya fito da sabuwa dal da ledarta. Ka tambaye shi ya ba ka labari, na san zai ji daɗi.

Nan fa na koma ɗaya gefen tabarmar. Jiya ni ke cewa albarka, yau ni ake ce wa. Na tafi da bakanikena, kuma duk inda za mu mukan yi sammako, don inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Ya koya mini in duba hayaƙin salansa, in shuɗi ne tana ƙona baƙin mai, in fari ne mai kauri da ba ya yankewa to ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin mai, in an ga abu kamar madara a jikinsa a yi sallama. Ya riƙa bin bodi da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike wurin an rufe da fenti. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa yana shinshinawa, saboda akwai motocin da ambaliya ta ci a Amurka aka gyara aka turo. Ya kuma tuna mini cewa agogon 'yan Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ban da cewa agogon ma ana iya mayar da shi baya. Wata mota mun same ta an riga an tayar, injin ya yi zafi tun ƙarfe bakwai na safe, kuma lambar shasinta ta saɓa da ta takardar kwastan da harafi ɗaya. Ba mu yi jayayya ba, muka yi godiya muka tafi. Araha ba ta ado, kuma motar da takardunta ba su cika ba, kullum ka hango shinge gabanka zai faɗi.

A ƙarshe Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai ritaya a Rijiyar Zaki, yana da Toyota Corolla ruwan toka, otomatik, zai sayar ya cika kuɗin auren 'yarsa. Ka san abin da ya yi, aminina? Kafin mu buɗe bonet ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar leda cike da rasit, na kowane juye da kowane gyara, sannan ya ce, «Ɗana, na'urar sanyinta ta mutu, tayoyin baya sun kusa ƙarewa, kuma an taɓa dukanta ta baya a danja. Ban da waɗannan ban san komai ba.» Wallahi sai na ji ƙirjina ya saki. A take na gane abin da yaron Kabo da kawunsa suka ji ranar da na miƙa musu takardata. Mai sayen tsohuwar mota ba lafiyayya sumul yake nema ba, ya san babu ita. So yake kawai ya san abin da ya saya, don ya san yadda zai zauna da shi. Bakanike ya duba ya tarar da abin nan uku, ba na huɗu. Muka yi ciniki cikin mutunci, muka rubuta kamar yadda na yi a gida, na sabunta inshora, wadda tun Janairun 2023 ta koma naira 15,000 daga 5,000, na kuma sa aka mayar da takardu kan sunana ba tare da ɓata lokaci ba.

Yanzu Corolla tana kwana inda Golf ke kwana, uwargida ta fara koyo a filin makaranta da yamma, kuma hannunta na faɗawa. Ita kuwa Golf ɗin, kusan kullum sai na gan ta. Tana jigila tsakanin Gwarzo da Kabuga, an canza mata lagireto, but ɗinta a ɗaure da igiya saboda kaya. In yaron ya hango ni a bakin titi sai ya danna ham sau biyu ya ɗaga hannu. Shekaranjiya ma tsayawa ya yi da fasinjojinsa a ciki, ya sauke mini ƙullin tumatir da albasa, ya ce Kawu ne ya ce a kawo wa Malam. Na tsaya riƙe da ƙullin nan ina tunanin da na zuba mata mai mai kaurin nan, da yanzu in na jiyo ƙararta sai dai in juya baya in shige zaure.

To kai da kake Kaduna, na san garin da girma, mai sayen taka wataƙila ba za ku sake haɗuwa ba har abada. Duk da haka ina roƙonka, ka sayar da ita kamar Kabo za ta koma, kamar gobe da safe za ta wuce ta ƙofar gidanka. Ka rubuta aibinta da hannunka, ka ga kuɗinka da idonka, ka cire sunanka daga takardunta, sannan ka yi mata addu'a ta zama hanyar abincin wani.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka zo ka ci tuwonta ba. Uwargida tana gaida 'yar'uwarta, yara suna gaida abokansu. In an yi hutun makaranta ka daure ku zo, ka sanar da ni ranar in tarbe ku a tasha. Kujerar gaba taka ce kamar wancan karon, mu je Getso mu dawo ka ji ƙarar wannan ita ma.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mu a hanyoyinmu. Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Amininka na Gwarzo.